Bidon Tabawa Mai Rigar Buhu

A tashar motar Buza, ta gefen da ke kallon kasuwa, akwai wata rumfar zana da kowane direba ya sani a shekarun nan na mulkin soja. Rumfar Tabawa ce. Mijinta ya tafi biɗa Abijan da daɗewa, sai dai gaisuwa a bakin masu dawowa, saboda haka da rumfar nan take riƙe da kanta da 'ya'yanta. Abincin matafiya take yi, irin wanda ba ya sa mutum jira: shinkafa da wake, da maka, wato taliya, da tuwon dawa da miyar kuka mai ƙamshin gabu. Kafin a gama ɗaure kaya a kan mota, mutum ya ci, ya sha, ya wanke hannu.

Da bazarar wata shekara amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyukan wajen Madawa, sai hukuma ta sa wa masu sayar da abinci ido. Aka turo wani ajan, wato ma'aikacin tsabta, mai suna Attahiru, wanda mutane suka fi kira Duba-gari, a gabansa kuwa su ce Mushe, yadda ake girmama ma'aikacin gwamnati. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, wannan ne ma ya sa aka fi tsoronsa. Yana yawo da kaye, littafinsa na rubutu, da gwangwanayen fenti biyu, gardi, wato dogarin hukuma, na biye da shi. Rumfar da ya duba ya gamsu, sai ya zana tsanwar da'ira a jikin dirkarta, ya rubuta sunan mai ita a kaye. Wadda bai gamsu da ita ba, sai ya gicciya mata jan layi, gardi ya sa a kashe wuta. Ba a daɗe ba direbobi suka koyi duban dirka kafin su nuna wa fasinja inda zai ci abinci.

Zuwansa na farko bai zana wa Tabawa kome ba. Ya buɗe tukwane, ya duba kwanoni, ya ce ba laifi. Sai ya tsaya a kan randar ruwan sha, inda moɗa ke yawo a ciki.

"Inna, hannu nawa ka shiga wagga randa a wuni?"

"Wa ya ƙidaya, Mushe? Ruwa ne, ba a hana mai ƙishi."

"Ban ce ki hana ba. Amma ciwon ga ta ruwa shi ka bi. Ki samo abu mai murhi, wanda a ka tsiyayawa ba a sa hannu ciki ba. In na dawo kasuwa mai zuwa, ɗayan biyu ne: tsanwa ko ja."

A ranar ne maƙwabcinta Hamidu mai tsire ya sami ja. Duk makon nan Tabawa tana kallon tukubarsa a mace, shi kuma yana zaune a kan turmi yana korar ƙuda daga ƙafarsa. Duk sanda ta dube shi sai ta tuna 'ya'yanta, domin ta san in wutarta ta mutu haka, babu wanda zai aiko mata da ko zakkar gero.

Tun washegari ta aika wa ƙanenta Isaka, wanda ke noman kaɗa a kwarin Majiya ta wajen Karofane. Bai ɓata lokaci ba, ya zo a kan jaki da wani bido, wato jarkar roba, shuɗi, mai kauri, mai murfi na murɗawa. A irinsa ake kawo musu maganin da suke fesa wa auduga. A jikinsa akwai rubutun boko, da hoton ƙoƙon kan mutum a kan ƙasusuwa biyu.

"Isaka, wanga mummunan hoto hwa?"

"Na tsorata yara ne, Yaya. Magani ya ƙare tun damana. Rabin garinmu da irinai a ka zuwa rijiya. Ni ma zaɓo miki na yi, wanda ba a taɓa ɗibar ruwa da shi ba, yana nan a ruhe kamar yadda munka aje shi. Ki wanke da toka, shi ke nan."

Tabawa mace ce mai tsabta, ba ta yi wa wankin nan ha'inci ba. Bakin bidon ƙarami ne, hannu ba ya shiga, sai ta zuba toka da tsakuwa ta yi ta girgizawa har kafaɗunta suka yi tsami. Ta ɗauraye da ruwan tsamiya, ta shanya a rana. Duk da haka in ta kai hanci tana jin wani ɗan wari kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Sai ta yi masa abin da uwarta ke yi wa sabuwar randa: ta zuba ƙajiji a kan garwashi, ta riƙe bakin bidon sama-sama har hayaƙi ya cika shi. Wari ya ɓace, ƙamshi ya hau.

Saura abu ɗaya. Ruwan roba da bazara zafi yake yi, kuma ba direban da zai dawo wurin da aka ba shi ruwan zafi. Ta samo buhun gyaɗa da basilla, ta ɗinka wa bidon riga tun daga wuya har gindi, yadda in an jiƙa buhun iska za ta sanyaya ruwan. Rigar ta zauna cif. Rubutu ya shige ciki, hoto ya shige ciki, Tabawa ma ta ji daɗin daina ganinsa. Jajibirin kasuwa ta cika shi da ruwan rijiya, ta murɗa murfi.

Ran kasuwa da safe ta ajiye shi a kan benci a gaban rumfa, inda ido zai fara sauka. Ba ta bar kowa ya taɓa shi ba. Masu sammako duk daga tsohuwar randa ta ba su ruwa, wadda ta janye bayan zana, don tana so Duba-gari ya tarar da bidon a cike.

Da hantsi motar Halidu ta shigo daga Madawa, tsohuwar fijo mai rumfar tamfol. Halidu ɗan kawun Tabawa ne, wato taubashinta, kuma a Buza iyalinsa suke. Daga gidan gaba Attahiru ya sauko da gwangwanayensa, ya ɗaga wa mutane hannu, ya nufi wajen mahauta, don daga can yake farawa. Halidu kuwa rumfar Tabawa ya yo kai tsaye, yana share gumi da hularsa.

"Baiwata, na kawo miki mai yanka ki. Ni na ɗauko shi, gidan gaba ma na ba shi."

"Allah shi saka maka da hwashewar taya, bawan banza. Zamna ka ci, in kana da abin biya."

"Taubashi ba shi biya." Idonsa ya faɗa kan bidon. "A'a, yaushe kinka yi amarya ba ki gaya mini ba? Har da riga."

"Kak ka taɓa. Na Duba-gari ne. Ga randa can baya."

"Ni da ka da ke, a ce in sha na baya?"

Wanda ya san wasan taubasai ya san ba a hana su. Abin da aka ce kada su taɓa, shi suke fara ɗauka. Halidu ya murɗe murfin, ya tsiyaya a babban kwanon sha, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Ya ƙara, ya sha rabi, ya yamutsa fuska.

"Sanyi kam akwai. Amma da ɗan ɗaci-ɗaci can ƙasan ƙamshin. Maganin mallaka kinka sa mini?"

"Wa ka son mallakar tsohon jaki? Ƙajiji ne, baƙauye."

Ya watsa sauran ruwan a wani fasasshen kasko da ke gefen rumfa, inda kajin tasha ke sha. Ya ci shinkafa da wake, ya tafi wajen lodi yana dariya.

Tabawa tana cikin kwasar tuwo ta ji hayaniya ta wajen motoci. Ta leƙa. Halidu ne durƙushe a gindin motarsa, yana amai. Gumi ya jiƙa rigarsa kamar an tsamo shi daga tafki, yawu na dalala daga bakinsa, naman fuskarsa na rawa shi kaɗai. Wani ya ambaci kwalara, nan take mutane suka ja da baya, mata suka janye 'ya'yansu. Da ƙyar aka sami maza suka ɗora shi a amalanke, suka tura shi gidan likita da ke kan tudu, wajen Majo, babban ma'aikacin jinya. Zinariya mai fura, wadda rumfarta ke jikin ta Tabawa, ta bi su don ta kira matarsa Furera.

Tabawa ta koma gaban murhu. A Madawa ya kwaso shi, haka ta ce wa kanta. Can ciwon yake. Shinkafarta mutane da yawa sun ci tun safe, ga su nan suna yawo lafiya lau.

Ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta ga kaza. Wata wake-wake ce ta matar sarkin tasha, kullum tana nan tana tsince-tsince. Tana kwance a gefen kaskon nan, ƙafafunta na shure-shure, ruwa na fita daga bakinta. Kusa da ita 'yan tsaki biyu sun riga sun sandare. Tabawa ta tsaya da kwarya a hannu. A hankali ta juya ta dubi bidon. A wuyansa, inda ruwa ya zuba a kan buhu lokacin da Halidu ke tsiyaya, ƙudaje ne a manne, baƙi ƙirin, ba ɗaya mai motsi.

Ta san abin da ke ƙarƙashin buhun nan. Ita ta ɗinke shi da hannunta.

Ta kife kwarya a kan kazar da 'yan tsakin, ta tura kaskon ƙarƙashin zana da ƙafa. Ta je ta murɗa murfin bidon iya ƙarfinta. Ta yi tunanin ta kinkime shi ta zubar a bayan rumfa, amma ran kasuwa ne, ko'ina ido, ga awaki na yawo suna neman laima su lasa. Ta yi tunanin ta gudu gida ta rufe ƙofa. Ta tuna kaso, kurkukun nan mai ƙaramar taga da ke bayan ofishin supirefe, shugaban yankin, inda take ganin mata na kai wa mazansu abinci. A zamanin nan ba a tambayar mutum sau biyu. In aka ce mai tuwon tasha ta ba direba guba, wa zai tsaya jin zancen toka da ƙajiji? Wa zai riƙe mata yara?

Wani mai jaki ya ce a ba shi ruwa, ya miƙa hannu wajen bidon. Ta daka masa tsawar da ba ta taɓa yi wa mai ciniki ba, ta ɗebo masa na randa. Ya sha yana kallonta.

Zinariya ta dawo tana haki, ta zauna a bakin benci.

"Yaya Tabawa, abin ba kyau. Majo ya sa mai ƙarin ruwa, amma ya ce wanga bai yi kama da kwalara ba. Ya buɗe idonai ya gwada muna, baƙin ya tsuke kamar ƙwayar gero. Ƙirjinai sai kurkur shi kai, kamar mai shaƙe da ruwa. Majo sai tambaya shi kai, mi ya ci, mi ya sha. Ya ce in bai san ko mi ne ne ba, tsoron yin allura shi kai, kar shi ƙara mai wani ciwon."

"Halidu bai hwaɗi ba?"

"Ina bakin magana? Furera na can tana ta kuka." Zinariya ta dube ta. "Ke lahiya? Kin yi hwari hwat."

"Hayaƙi ne."

Zinariya ta koma wajen ƙwaryar furarta. Tabawa ta tsaya tana juya miyar da ba ta bukatar juyi. Majo ya san aikinsa, ta ce a ranta, shekara nawa yana yi. Bari dai Duba-gari ya zo ya wuce. Yana wucewa sai ta ɗauki bidon a ɓoye ta hau tudu, ta faɗa wa Majo a kunne. Ɗan lokaci kaɗan ne. Amma duk sanda ta ce ɗan lokaci kaɗan, sai ta ji kurkur ɗin nan da Zinariya ta kwatanta, kamar a cikin nata ƙirjin.

Tana ganin tafiyar Attahiru daga nesa. Ya gama da mahauta, ya shiga layin masu ƙosai. Ya tsaya, ya duba, ya rubuta, ya tsoma buroshi. Ba ya sauri. Rana ta take tsaka, inuwar rumfa ta tsuke, shi kuwa yana matsowa rumfa bayan rumfa. Rabin zuciyarta na cewa ya yi sauri, rabi na cewa kada Allah ya kawo shi. Ya yi wa Zinariya tsanwa. Sai ga shi a gabanta, gardi a bayansa riƙe da gwangwanaye.

"Inna Tabawa, ina wuni? Na ji direbanmu ba shi da lahiya. Nan ya ci abinci?"

"Nan ya ci, Mushe."

"Shi kaɗai ya ci wagga tukunya?"

"Mutane da yawa sun ci."

"To, da sauƙi."

Ya buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ya duba inda take wanke kwanoni, ya ce ta nuna masa farcenta, ta miƙa hannu tana sunkuyar da kai.

"Kak ki ji tsoro, Inna, ba cizo ni kai ba," in ji shi. Sai ya juya ya ga bidon, fuskarsa ta saki. Tun da ya fara zuwa Buza ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa sai ran nan. Ya shafa rigar buhun, ya gwada murfin. "Bon, madalla. Wanga shi ne aiki." Ya ɗaga murya kaɗan. "Masu abinci, ku matso ku gani. Ga abin da ni ka hwaɗa muku. Ruhe, ba hannu, ba moɗa, ga sanyi. Kowa shi yi koyi da Tabawa."

Mata suka matso, har Hamidu mai tsire ya taso daga kan turminsa. Attahiru ya karɓi buroshi, ya zana tsanwar da'ira a jikin dirka, babba, ya cike ta sosai. Ya rubuta sunanta a kaye. Zinariya ta rangaɗa 'yar guɗa. Abin da Tabawa ta kwana bakwai tana roƙon Allah ke nan, ga shi yana sheƙi a rana, ita kuwa idonta na kan bidon. Saura ya rufe kaye ya wuce.

Bai wuce ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan kofin silba.

"Tun sahe ban sa ruwa bakina ba," ya ce wa mutane. "Ko'ina anka ba ni na ƙi. Nan kaɗai za ni sha, don ku san ba da baki kawai ni ka yabo ba."

"In ka sha mu ma a sam muna, Mushe," in ji Hamidu. "Mu ɗanɗana ruwan masu tsanwa."

Aka yi dariya. Attahiru ya murɗe murfin da kansa, ya karkata bidon. Tabawa tana jin ƙarar ruwan yana sauka a kofi. Ta ga ya ce bismilla, ta ga kofin ya tashi, ta ga gardi da bulalarsa a ɗamara, ta ga tsanwan fentin da bai ko bushe ba.

Ba ta san lokacin da ta isa gare shi ba. Sai dai ta ga hannunta biyu sun riƙe wuyan hannunsa, ruwan ya fantsama a kan takalminsa.

Mace ta kama hannun ma'aikacin gwamnati a bainar jama'a. Gardi ya ajiye gwangwanaye ya matso.

"Kak ka sha," ta ce. "Don Allah, Mushe, kak ka sha."

Attahiru ya ɗaga hannu, gardi ya tsaya. "Mi ya hwaru, Inna?"

Ta saki hannunsa, ta ɗauko wuƙar yankan albasa, ta durƙusa ta bi ɗinkin da ta yi da basilla tana tsinkawa. Buhun ya zame ƙasa. Ƙoƙon kan nan ya fito yana kallon kowa.

Mata suka ja da baya. Attahiru ya tsuguna, ya karanta rubutun, ya shinshina kofin. Da ya ɗago, murmushin nan babu shi.

"Wa ya sha?"

"Halidu. Shi kaɗai. Kwano guda da rabi." Ta nuna kwaryar da ke kife. "Da kaza."

Bai yi mata faɗa ba, bai ma sake dubanta ba. Ya murɗa murfin, ya ce wa gardi ya tsare rumfar kada kowa ya taɓa kome, ya saɓa bidon a kafaɗa da ruwansa da kome. Mutumin da ba a taɓa gani yana sauri ba, sai ga shi yana gudu a tsakiyar tasha. Tabawa ta bi shi ba mayafi, takalminta ɗaya ya tsinke a hanya ta bar shi nan.

Hawan tudun nan ta saba yinsa, amma ran nan sai ta ga ba ya ƙarewa. Abin da take ta nanatawa kawai, Allah ka sa da sauran numfashi.

A gidan likita Halidu na kwance a kan gadon ƙarfe, kumfa a bakinsa, ƙirjinsa na tashi da ƙyar. Furera na zaune a ƙasa ta riƙe ƙafarsa. Majo, dattijo mai furfura da farar riga, ya dubi bidon, ya bi rubutun da yatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ina da maganin wanga." Ya buɗe kabad ya ɗauko 'yan kwalabe, ya ce kowa ya fita.

Suka zauna a gindin bishiyar bedi. Ba wanda ya yi wa Tabawa magana. Furera ta ji yadda aka yi daga bakin masu amalanke, ta juya mata baya. Ta taga suna hango Majo yana allura, ya saurari ƙirji, ya jira, ya sake yin wata. Aka kira azahar, Tabawa ta yi salla ba ta san abin da ta karanta ba. Abu ɗaya ke yawo a kanta: da ta hau tudun nan tun sanda ta ga kazar, da yanzu wani zance ake. Duk motsin da aka yi a ɗakin sai ta zaci salati za ta ji.

Sai bayan la'asar Majo ya fito yana goge hannu.

"Ƙirjin ya hwara bushewa. Ya buɗe ido, ya tambayi wa ka tsaron motatai. In Allah ya so ya tsallake. Amma da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba haka ba."

Furera ta shige ɗakin da gudu. Tabawa ta kifa kai a gwiwa, sai a lokacin kuka ya zo mata.

Attahiru ya bari ta yi mai isarta, sannan suka gangara tare. A gaban rumfa ya karɓi jan gwangwani daga hannun gardi.

"Inna, kin san dole ne."

"Na sani. Kaso hwa, Mushe?"

"Yadda abin ya hwaru haka za ni rubuta. In rubuta ke kinka zuba ruwa a bidon magani, in rubuta ke kinka riƙe hannuna. Tukwane da kwanoni duk a sake wanke su a gabana, kaskon ga a binne shi da kazar. Ba na jin za a kai ki kaso." Ya gicciya jan layi a kan tsanwar da'irar, fentin biyu suka ɗan cakuɗe. Sannan ya ce, "Ara mini wuƙar ga."

Da wuƙar albasar Tabawa ya bi sauran rumfunan kasuwa, duk bidon da ya gani da riga sai ya farke ta. Kafin magariba an tara shuɗɗan bido a gaban sarkin tasha har sun yi ɗan tudu, mai shela kuma ya zaga gari da ganga.

Ba a kai ta kaso ba, amma wutarta ta mutu. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, direbobi na wucewa da fasinjojinsu zuwa wasu rumfuna. Waɗansu in sun hango ta sai su kau da kai. Yara suka koma cin tuwo sau ɗaya a wuni. Ta sa masassaƙi ya yi wa tsohuwar randa murfin katako, ta samo ludayi mai dogon hannu ta rataye a ƙusa, tana jiran ranar da Duba-gari zai ce a sake dubawa.

Da aka sallamo Halidu, ta dama kunun tsamiya ta kai gidansa da hantsi. Furera ta tare ta a tsakar gida, ta dubi kwanon, ba ta miƙa hannu ba.

"Mun gode. Ya koshi."

Tabawa ta juya za ta tafi, sai murya ta fito daga ɗaki, a shaƙe, ba ƙarfi.

"Wa ka nan? Baiwata ce? Ku bar ta ta shigo ta ga aikinta."

Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Halidu, ni dai..."

"Ke dai ba ki iya kome ba. Ko kisan ma sai da kinka bar shi rabi." Ya nuna kwanon da haɓa. "Da ruwan ina kinka dama?"

"Na randa."

"Mai ƙajiji?"

"Ba ƙajiji."

"Miƙo."

Furera ta ce wani abu daga waje, bai kula ba. Ya karɓi kwanon da hannu biyu. Hannuwan na rawa, Majo ya ce za su jima suna yi kafin ya iya riƙe sitiyari, har kunun ya ɗan zuba a kan rigarsa. Tabawa ta kai hannu ta tallafi gindin kwanon, ya sha a hankali.

Da ta fito ta biya ta tasha. Jan layin na nan a jikin dirka, tsanwan na leƙowa ta gefensa. Ta ɗaga murfin randa ta duba ruwan, ta mayar ta rufe, ta zauna a kan benci kusa da Hamidu mai tsire.